Yadda Na Shayar da Ɗan Lariba

Jikata Fauziya ce ta tayar mini da wannan magana. Ita da mijinta duk aikin ofis suke yi, kuma duk ƙarshen wata sai ta zo ta zauna a bakin gadona tana ƙorafi a kan kuɗin gidan rainon da suke kai ɗansu. Rannan har ta ce da ma ta ajiye aikin ta buɗe nata, tun da abin ba wuya, zama ne kawai da yara ana karɓar kuɗi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina wannan zaman da take faɗa, kuma ban tuna ranar da na ci abincin rana da zafinsa ba.

A hannun Mma Azumi na koyi raino, a unguwar Alabar cikin Zangon Kumasi, 'yan shekaru kafin ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Ina da shekara goma sha tara, da ɗiyata ta fari Ramatu a baya, maigidana Malam Tanko yana ɗinki a bakin kasuwa. Gida ɗaya muke haya da ita. Mma Azumi gajeruwar mace ce mai ƙaramar murya. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin yaran unguwar daga bayanta suka sauko. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta da takardar gwamnati. Rumfar kwano ce a tsakar gida, da tabarmi huɗu, da randa biyu, da murhun gawayi, da igiyar shanya wadda ban taɓa ganinta ba kaya a kai ba.

Aikin da ta fara ba ni wankin tsumma ne, wata guda cur. Na ɗauka wulaƙanci ne, ashe karatu ne. Ba a jefa tsumma a ruwa sai an buɗe an duba. Ta koya mini kashin mai shan nono, da na wanda aka fara ba kunu, da na mai haƙori, da na wanda cikinsa ya ɓaci tun uwarsa ba ta sani ba. Tana tsaye a kaina za ta ɗaga tsumma da tsinke ta ce, "Na wane ne wannan, kuma me ya ci jiya?" In na kasa, ba ta faɗa, sai dai ta ce in sake dubawa. Sabulun salo da ruwan zafi suka cinye mini fatar hannu a watan nan, man kaɗanya ne ya cece ni.

Bayan wanki sai goyo. Ku da kuke ganin zani da majanyi abin wasa ne, ku gwada goya ɗaya, ku saɓa ɗaya a kafaɗa, kuna dama kunu da hannu guda, na uku yana rarrafe ya nufi murhu. Kowace uwa in ta kawo jariri, Mma takan sa ta bar zanin da ta kwana da shi. Da shi ake goya ɗanta, don ya ji ƙamshin uwarsa ya yi barci. In kika yi kuskure kika goya ɗan wata da zanin wata, to ke da hutu sai la'asar. Ɗura kuwa, wato a toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu da tafin hannu, a gidanmu ba a yi. Ƙaramin ludayi take sawa a yi amfani da shi, ko da za a shekara ana ba yaro.

Iyayen yaranmu mata ne masu neman na kansu: masu shinkafa da wake, masu koko da ƙosai, masu ɗaure goro a ganye, da wasu matan Asante biyu masu sayar da doya waɗanda suka fi yarda da Mma a kan danginsu. Tun asuba ake fara sallama. Kafin rana ta ɗaga mun tara yara goma sha biyu, wani lokaci sha biyar. Da azahar masu shayarwa su bar kayansu a hannun maƙwabta su rugo, su zauna a jere a gindin bango, kowa da nata, ana hira ana tsokanar juna. Ladan raino kuwa ba ɗaya ba ne. Mma kan dubi kwanon sana'ar mace kafin ta yanka mata. Wata ta ba da sisi, wata kwanon shinkafa, wata gawayi. Mai goro ta fi mai ƙosai biya, kuma ba wadda ta taɓa jin haushi.

A lokacin ma akwai gidan raino na gwamnati, can wajen Ashanti New Town, mai gadaje ƙanana da farin fenti. Akwai wata ma'aikaciyar walfiya, wato ofishin jin daɗin jama'a, da takan zagayo Zango da jakarta, muna ce mata Awura. Mace ce mai kirki, tana jin Hausa kaɗan, kuma ita ta koya mana tafasa ludayi. Amma gidan nasu sai yaron da aka yaye, ana biya wata-wata tun kafin watan ya kama, kuma ƙarfe huɗu ake zuwa ɗauka. Ina mai koko za ta ga kuɗin wata a dunƙule? Hutun haihuwa da kuke samu yanzu har kuna cewa bai isa ba, a da sai malaman makaranta da masu aikin asibiti muke jin ana ba su. Mace mai aikin yini in ta haihu, ko ta koma da wuri ko a ba wata gurbinta.

Doka ɗaya ce Mma Azumi ba ta wasa da ita. A rumfarta ba macen da za ta ba ɗan wata nono, ko da wasa, ko don ya yi shiru. Dalili kuwa kun san shi: yaro in ya sha nonon mace, ko sau ɗaya, ya zama ɗanta, 'ya'yanta da 'ya'yan mijinta sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakaninsu har abada. A gida irin namu, inda yara ke tasowa tare su girma a layi ɗaya, in aka bar abin ba tsari, nan da shekara ashirin ba wanda zai san wa ya halatta ga wa. Ta sha korar uwa daga gindin bangon nan don ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗan ƙawarta mai kuka.

Shekarata ta biyu ita ce muguwar shekara. Ƙyanda ta shigo Zango, ta bi gida-gida. A rumfarmu yara biyu suka rasu cikin mako guda. Mma ta rufe ƙofa kwana arba'in, ta ƙone tabarmi, ta sayar da kwanukan jerenta muka ci abinci. Da muka sake buɗewa yara huɗu kawai aka kawo, sauran iyaye suna tsoro, suna goyon 'ya'yansu a gaban wuta da man suya. A cikin wannan hali Lariba ta yi sallama.

Lariba 'yar arewa ce, daga ƙasar Gurunshi. A Kumasi ta musulunta, ta auri wani mai koro shanu, Hausarta ma a kasuwa ta tsince ta. Tana wankin kwalabe a wani kamfanin lemo can wajen Bantama. Ta zo da ɗanta Issaka, wata uku da haihuwa, ta durƙusa a gaban Mma.

"Mma, ka taimake ni," in ji ta. "Maigida ya tafi arewa koro shanu, wata biyar bai zo ba. Hedima, mai duba mu a kamfani, ya ce in na kawo yaro wurin aiki kuma, in tafi gida koraa. Awura ya ce wurinsu ba su karɓa mai shan nono. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, abinci ya tafi."

"Za ki iya zuwa da azahar ki ba shi?" Mma ta tambaye ta.

"Rabin awa ne suke ba mu. Kafin in kai nan an busa usur."

Mma ta karɓi yaron tana juya shi a hannu. Ba ta saba karɓar jaririn da uwarsa ba za ta zo da rana ba. Amma ta dubi Lariba, ta dubi ƙafafunta da ruwan soda ya tsattsage, ta ce ta bar shi, ta riƙa sayo madarar gwangwani, mu gwada.

Issaka ya ƙi madara. Mun tsinka ta, mun ɗumama ta, mun ɗiga masa da ludayi, mun jiƙa tsumma mai tsabta mun sa masa a baki. In ya haɗiye kaɗan sai ya dawo da ita har ta hanci. Awura ta kawo mana ta gari, ita ma haka. Daga asuba har kusan magariba yaron nan ba abin da ke zama a cikinsa sai ruwan da aka tafasa. Ranar farko ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Rana ta huɗu ya daina kukan ma, sai ya buɗe baki ba sauti, maɗigarsa ta faɗa ciki. Duk mai raino ta san abin da wannan ke nufi. Mma ta ce in bai canza ba zuwa Juma'a, dole Lariba ta bar aikin nan ta zauna da ɗanta, ko me zai faru.

Ranar Laraba Mma ta tafi gaisuwar mutuwa a Aboabo, ta bar ni da yaran. Na zauna a bayan randa ina ba Ramatu nono, Issaka yana kwance kusa da ƙafata. Sai na ga ya juyo da kai, yana bin ƙamshin da baki kamar ɗan tsako. Na san doka, na san dalilinta, ba wanda zai ce mini ban sani ba. Na waiwaya na ga ba kowa, na ɗauke shi na sa shi a ɗaya gefen. Yadda ya kama sai da na ji zafin har cikin bayana. Ya sha, ya sha, ya yi gyatsa, ya yi barcin da bai taɓa yi a gidanmu ba. Ni kuwa tsoro ya kama ni, na ɗauki madarar ranar na zuba wa kyanwa don kada a ga gwangwani a cike.

Kwana shida ina haka. In Mma ta shiga ɗaki salla, ko ta fita ɗibar ruwa a famfo, sai in zagaya da shi bayan randa. Yaro ya fara cika, ido ya buɗe. Lariba in ta zo da yamma sai murna, tana cewa ɗanta ya koyi madara, har ta ƙara sayo gwangwani biyu daga ɗan abin da take samu. Wannan ya fi komai damuna, amma na ja bakina na yi shiru.

Rana ta bakwai ina tsugune a gaban bahon wanki, sai na ga inuwar Mma a kaina. Ta sa tsinke ta ɗaga tsumma guda.

"Salamatu, na wane ne wannan?"

"Na Issaka ne, Mma."

"Me ya ci jiya da rana?"

Na sunkuyar da kai. Kashin mai shan madarar gwangwani daban yake, kowa a gidan nan ya sani, ni ma ita ta koya mini. Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Tun shekaranjiya na gani. Da ba ki ba shi ba, da yanzu wata maganar ake yi, Allah ya saka miki. Amma ɓoyewar fa? In kika mutu gobe, na mutu jibi, wa zai gaya wa yaron nan Ramatu 'yar'uwarsa ce? Kuma kin bar baiwar Allah tana sayen madara kyanwa tana sha. Yau za a faɗa, a gaban mutane."

Na ce, "Mma, in Lariba ta ji haushi ta ɗauke shi fa? Aikinta zai tafi."

Ta ce, "Ɗanta ne. Ba za mu tsare mata aiki da ƙarya ba."

Bayan la'asar ta aika aka kira Malam Tanko daga shago, da limamin masallacin layinmu, da mata biyu daga cikin iyayen yara. Maigidana da ya ji, ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce tun da rai aka ceta shi ba shi da ta cewa, sai dai da an gaya masa tun farko. Muna nan zaune Lariba ta shigo a gajiye, gaban rigarta ya jiƙe ya bushe ya yi tauri, don nono yakan zubo mata a wurin aiki ba yadda za ta yi. Da ta ga taro da liman sai ta tsaya cak a bakin ƙofa, tana neman ɗanta da ido. Mma ta yi maza ta miƙa mata shi, ta ce lafiya lau yake, ta zauna.

Liman ya yi bayani a hankali. Ya ce Salamatu ta shayar da Issaka, saboda haka daga yau a shaida ɗanta ne na nono, Malam Tanko ubansa ne na nono, Ramatu da duk wanda za a haifa a gidan nan 'yan'uwansa ne. Mata suka ce sun shaida. Lariba ta ƙanƙame yaron har ya fara mutsu-mutsu, ta dube ni, ta dubi liman, sai hawaye.

"To yanzu shi ba nawa ba?" ta ce. "Don ban zo da rana ba, kun ba wani? Ni gobe ba ni zuwa aiki. Ku bar mini yarona, in mun mutu da yunwa mun mutu tare."

Ashe ita a garinsu, mace ba ta shayar da ɗan wata sai in uwar ta mutu, ko an karɓe shi daga hannunta. Da ta ji ana kiran shaidu ana cewa ɗan Salamatu, ta ɗauka shari'a aka yi aka ƙwace mata ɗa. Ni kunya da tausayi suka rufe ni, na kasa ɗaga kai. Liman ya sake bayani, maigidana ya sake, amma ta riga ta miƙe tana neman zanin goyonta.

Mma Azumi ce ta tare ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Lariba, dube ni. Ba wanda ya karɓi ɗanki. Ke kika haife shi, sunan ubansa yake amsawa, ɗakinki zai kwana. Abin da aka shaida shi ne ba zai auri Ramatu ba, shi ke nan. Gobe ki tafi aikinki. In an busa usur na rana, ki fito bakin ƙofar kamfani, ki duba hagu."

"In duba me?"

"Ke dai ki duba."

Ban san abin da ya sa ta yarda ba, sai dai na san ba a cika yi wa Mma musu ba. Da asuba ta kawo shi, idonta a kumbure, ba ta ko gaishe ni ba.

Da hantsi Mma ta yi wa Issaka wanka, ta goya shi, ta ɗauki lema da 'yar butar ruwa. Ta roƙi wata maƙwabciya ta zauna da sauran yaran, ta ce in biyo ta in ga hanya, don wata rana ni zan riƙa zuwa. Daga Alabar zuwa wajen Bantama ba nan kusa ba ne, ga hawa, ga rana, ga motocin katako suna watsa wa mutum jar ƙasa. Matar nan ta haura sittin, gwiwarta ɗaya tana ciwo. Sau biyu ta tsaya ta dafa bango. Na ce ta ba ni yaron, ta ce a'a, yau dai a bayanta uwarsa za ta gan shi, ba a nawa ba.

Muka isa muka zauna a gindin wani mangwaro, hagu da ƙofa. Aka busa usur, ma'aikata suka fito. Lariba ta fito a ƙarshe tana share hannu da zani. Ta dubi hagu. Ban taɓa ganin babbar mace ta yi gudu irin na ranar ba. Ta zube a ƙasa, Mma ta kwance goyo ta sa mata shi a cinya. Garin sauri ta kasa ɓalle rigar, sai ni na taya ta. Issaka ya kama. Ta rufe ido, ta jingina da itacen, tana ta faɗin wata magana da yarensu wadda ba mu ji ba. Can ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Yaya Salamatu, ka ci abinci kuwa? Mai ba yara biyu sai ya ci paa." Ta tura mini ƙunshin dokununta, tuwon masarar nan da ake dafawa a ganye, abincin ranarta ke nan gaba ɗaya.

Ba a jima ba aka sake busa usur. Mata suka fara komawa ciki, yaro kuwa bai saki ba. Lariba ta zabura za ta cire shi, Mma ta dafa mata kafaɗa.

"Bar shi ya gama. In faɗa ne, ni za a yi wa."

Sai ga hedima ya fito, wani dogon Ba'asante da agogo a hannu, fuska a murtuke. Ya nufo mu. Ya dubi Lariba, ya dubi yaron, ya dubi tsohuwar da ƙafafunta suka yi ja da ƙasa har ƙauri. Ya tambaya da Turanci daga ina, na ce masa Alabar. Ya ce a ƙasa? Na ce a ƙasa. Mma ba ta jin Turanci, ta dai ɗaga masa yatsu biyar, wato ya ƙara mata minti biyar.

Mutumin nan ya juya mana baya, ya tsaya tsakaninmu da ƙofar kamfani, ya harɗe hannuwa yana kallon titi kamar mai jiran mota. Haka ya tsaya har Issaka ya saki nono don kansa, ya yi gyatsa a kafaɗar uwarsa. Da ya ji gyatsar sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yoo. Gobe ku zauna ta bayan itacen, manaja ba ya gani daga can."

Wata bakwai muka yi muna wannan tafiya, yau Mma, gobe ni, har aka fara ba Issaka kunu ya karɓa. Da safe da la'asar ni nake ba shi, a fili, a gindin bango tare da kowa. Lariba ba ta rasa ko yini ɗaya na aiki ba. Da mijinta ya dawo daga arewa, ya tarar da ɗakinsu yana nan, ɗansa yana zaune da kansa a kan tabarma yana cin ƙasa.